Shimfiɗa falankin binil a gidan da daɓensa ba tsayi ɗaya ba

Gidajen da ake gyarawa a Maradi ba kasafai ake samun an gina su a tashi ɗaya ba. Falo an sa masa karo, wato tayil, a wani lokaci. Lungun da ke kaiwa ɗakuna yana nan da tsohon daɓensa na siminti. Ɗakin da aka ƙara daga baya kuwa wani magini ne daban ya zuba shi, kuma bai ɗauko tsayinsa daga ko'ina ba. Ranar da maigida ya ce yana son falankin binil, wato falankin roba na shimfiɗa a ƙasa, ya ratsa gidan tun daga ƙofar shiga har ƙuryar ɗaki, ranar ce bambancin zai fito fili.

Matsala uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, alhali kowace maganinta daban. Akwai gangara: daɓe a miƙe yake, amma wani gefe ya fi wani sauka. Akwai tudu da kwari a cikin ɗaki ɗaya. Akwai kuma mataki, inda ɗaki biyu suka haɗu ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi. Falanki bai damu da gangara ba. In daɓe a miƙe yake, ko da ya sauka santimita biyu daga bango zuwa bango, zai kwanta lafiya. Tudu da kwari da mataki su ne ke kashe shi.

Dalili yana cikin ƙirarsa. Irin wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu shi ne SPC, wanda ake yi da garin farar ƙasa da roba, kaurinsa milimita 4 zuwa 6. Ba a manna shi da ƙasa. Kowane falanki yana da harshe a gefe ɗaya da kwarmi a ɗaya gefen, suna sarƙe juna, kuma leɓen da ke riƙe sarƙar bai fi milimita ɗaya ko biyu kauri ba. In akwai rami a ƙarƙashi, duk takun da aka yi mahaɗar za ta lotsa ta dawo. Da fari ƙara za a riƙa ji, daga baya leɓen ya karye, falankin ya buɗe baki, kuma ba ya gyaruwa sai dai a sauya. Yawancin kamfanoni suna neman kada bambanci ya wuce kamar milimita 3 a cikin tsawon mita 2. Duba takardar da ke cikin kwalinka, ita ce alƙali, don wasu sun fi haka tsanani.

Awo kafin saye

Kada a sayi kwali ko ɗaya sai an ja layin mita ɗaya. Zaɓi wurin da kake ganin ya fi tudu a gidan, ka auna mita ɗaya cif daga daɓe zuwa sama, ka yi alama a bango. Daga wannan alama a kai tsayin zuwa kowane ɗaki. Mai na'urar leza zai gama cikin ƴan mintoci, amma tiyo mai haske na mita 10 zuwa 15 da aka cika da ruwa yana yin aikin daidai, har ya fi leza sauƙi wajen zagaya kwana. Sharaɗinsa biyu: kada kumfar iska ta saura a ciki, kada kuma rabinsa ya kwanta a rana rabi a inuwa, domin ruwan da ya yi zafi yana kumbura, sai ya ba ka ƙaryar milimita biyu ko uku. Haɗa alamomin da igiya mai alli, layin ya zagaye gidan duka.

Daga nan a riƙa aunawa daga layi zuwa ƙasa, a kowane lungu, a bakin kowace ƙofa ciki da waje, da kuma tsakiyar ɗaki ta hanyar ɗaure igiya daga bango zuwa bango a kan layin. Rubuta kowane adadi a kan daɓen da alli, ka kuma kwafe shi a takarda. Babban adadi na nufin kwari, ƙarami na nufin tudu. Masu sabon hannu suna yawan juya wannan, su je su ƙara siminti a kan tudu.

Ga misali. Falo mai karo ya ba da milimita 1000 zuwa 1004. Lungu ya ba da 1012 zuwa 1018. Sabon ɗaki ya ba da 1035 zuwa 1041. Ke nan falo ne sama, lungu ya gaza shi da kusan milimita 13, sabon ɗaki da kusan 36. Waɗannan lambobi uku su ne za su faɗa maka kuɗin aikin, ba faɗin gidan ba.

Layin yana nuna tsayi ne kawai, bai nuna tudu da kwari. Wannan aikin miƙaƙƙiyar sandar alminiyam ce ta mita 2, irin wadda magina ke jan daɓe da ita. Kwantar da ita a ƙasa, ka ajiye tocila a bayanta, ka sunkuya ka duba: duk inda haske ya ɓullo ta ƙarƙashi akwai rami, inda sandar ta yi lilo akwai tudu. Juya ta tsaye, kwance da karkace a kowane wuri. Zagaye kwari da alli launi ɗaya, tudu da wani launi, ka rubuta zurfin a tsakiya.

Wane tsayi za a bi

Abin da ba ya motsi shi ke yanke hukunci: ƙofar ƙarfe ta shiga, dokin ƙofar ban-ɗaki, matakala in gidan bene ne. Buɗe kowace ƙofa har ƙarshe ka auna tazarar da ke ƙarƙashinta a duk inda take bi, ba a rufe kaɗai ba. In tazarar milimita 12 ce, falanki da katifarsa, wato siririn soson da ke ƙarƙashinsa, milimita 5, saura 7, ya isa. In tazarar 6 ce, a kira mai walda ya rage ƙasan ƙofar ko ya ɗaga ta, kuma a yi haka tun kafin a shimfiɗa komai. Tartsatsin walda da na injin yanka suna huda binil nan take, tabon kuma ba ya fita. Ƙofar katako kafinta zai cire ta ya rage ta a waje.

Sau da yawa ya fi arha a sauke tudu da a ɗaga gida duka zuwa gare shi. In falo kaɗai ne ke sama saboda karo, fasa karon da turmin da ke ƙarƙashinsa zai iya sauke shi santimita biyu zuwa uku, sauran ɗakunan su rage buƙatar ciko. Amma in karon ya kama da kyau kuma falon babba ne, barinsa ya fi, don fasawa tana barin daɓe kaca-kaca wanda shi ma sai an lailaye shi. A yi lissafin hanya biyun a takarda.

Ban-ɗaki a bar shi da karonsa. Daɓensa yana gangara zuwa magudana da gangan, kuma wurin da ake wanka da alwala kullum ba wurin falanki mai sarƙa ba ne, ko da an rubuta a kwali cewa ruwa ba ya cin sa. Abin da za a kula shi ne kada sabon daɓen lungu ya koma ƙasa da na ban-ɗaki ba tare da dokin ƙofa mai tare ruwa ba.

Binciken tsohon daɓe

Bi karo ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da makulli ko bayan guduma. Wanda ya kama yana ba da sauti a dunƙule, wanda ya saki yana amsawa da amon kwano. Cire duk mai amo, ka cike gurbinsa da turmin siminti daidai da na kusa. Layukan da ke tsakanin karo in sun fi milimita 4 ko 5 faɗi, ko sun yi zurfi, a shafe su, in ba haka ba bayan wani lokaci zanensu zai iya bayyana a saman falanki, musamman sirara.

Daɓen siminti da aka goge ya yi santsi, ko aka yi masa fenti, ko ya sha man goge da maiƙon girki, ba abin da zai kama shi sai an gurje shi da inji mai faifan dayamon. A jiƙa wurin ko a haɗa injin da na'urar zuƙe ƙura, mai aiki kuma ya sa abin rufe hanci na gaske irin FFP2, ba ƙyalle ba, domin ƙurar siminti tana taruwa a huhu. Gargaɗi ɗaya: in aka tarar da tsofaffin ƙananan fale-falen roba masu murabba'i da baƙin gam a ƙarƙashinsu, irin na tsofaffin gine-gine, kada a gurje su. Irin waɗannan na da can sukan ƙunshi asbestos, wani abu mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu. A rufe su a yadda suke.

Tsaga iri biyu ce. Siririya wadda bakinta biyu suke daidai, a buɗa ta kaɗan a share a cike. Amma tsagar da ke daidai inda tsohon gini ya haɗu da sabo, wadda gefe ɗaya ya ɗara ɗaya, wannan mahaɗa ce mai motsi, kowane ɓangare yana zaune a kan harsashinsa. Duk abin da aka zuba a kanta zai sake tsagewa a layin nan. A nan ne ya dace a yanke falanki a sa sandar mahaɗa, ko da an samu tsayi ya zo ɗaya.

Sai laima, wadda ita ce aka fi rainawa a garin da rani ya fi damina tsawo. Tsofaffin daɓe da yawa an zuba su ne kai tsaye a kan ƙasa babu leda a ƙarƙashi, kuma unguwannin da ke gangaren gulbi sun fi jin wannan. Yanke leda mai kauri santimita 50 a kan 50, ka manne gefunanta huɗu da salatif a kan daɓe, a wurare uku ko huɗu har da gindin bangon waje da wanda ke jingine da ban-ɗaki. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka ɗaga. In ledar ta yi gumi ko simintin ya yi duhu, akwai laima. In ba ta nuna komai ba a watan Maris, wannan bai wanke daɓen ba. Gwajin Agusta ne ke faɗin gaskiya. Farin gishiri a gindin bango da fenti mai ɓarewa shaida ce ko da rani ne. A fara gyara tushen: famfo mai yoyo, indararo da ke zuba a gindin gini, tsakar gida da ta fi ɗaki tudu.

Yadda ake cikewa

Kowane zurfi da kayansa. Tudu ƙarami a gurje shi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ramin da bai wuce milimita 5 ba kuma bai da faɗi, a shafe shi da turmin gyara mai laushi, a ja shi da sanda daga bakin rami zuwa baki. Siminti da yashi na yau da kullum ba sa yin wannan aiki: in suka yi siriri haka ba su da ƙarfi, sukan ɓare su koma gari, sai ka riƙa jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin falanki.

Daga milimita 3 zuwa 10 a faɗin ɗaki, aikin ragireyaj ne, garin simintin nan da ake damawa ruwa-ruwa ya malala ya daidaita kansa. Yana zuwa a buhun kilo 25, kuma yana cin kusan kilo 1.6 a kowane murabba'in mita a kowace milimita ɗaya ta kauri. Lungun misalinmu, in murabba'in mita 6 ne kuma yana neman milimita 13, lissafinsa 6 sau 13 sau 1.6, kusan kilo 125, buhu biyar, a ƙara ɗaya don tsaro. Sai dai da yawa daga cikin irin garin nan iyakarsu milimita 10 a zubi ɗaya. Ko dai a nemi wanda aka rubuta masa kauri fiye da haka, ko a zuba sau biyu, a sake shafa firaima, ruwan da ke sa zubi ya kama daɓe, a tsakani.

Sabon ɗakin kuwa, mai mita 4 a kan 4 da gibin milimita 36, in aka ce da ragireyaj za a cike shi zai ci fiye da kilo 900, buhu 37. Wannan ɓarnar kuɗi ce. Abin da ya dace shi ne sabon daɓen siminti da yashi mai kaurin milimita 33, sannan ragireyaj milimita 3 a sama. Daɓen zai ci ɗan fiye da rabin kubik mita. A ma'aunin kilo 350 na siminti a kubik ɗaya, buhu huɗu ke nan na kilo 50, da yashi baro tara zuwa goma. Na saman kuma kilo 77, a sayi buhu huɗu. Daɓe irin wannan kada ya gaza santimita 3, kuma dole a manna shi da tsohon: a sassare fuskar tsohon, a wanke, a jiƙa shi tun daren jiya, a shafa kunun siminti da aka haɗa da ruwan latex na gini mai ƙara manne, a zuba turmi tun kunun yana ɗanye. In kunun ya bushe kafin a zuba, ya zama abin raba su maimakon haɗa su.

Yashin ya zama mai tsakuwa-tsakuwa, ba rairayi mai laushi ba. Na gulbi yakan zo da laka. Zuba shi a kwalba har rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. In laka ta kwanta a sama da kauri a bayyane, a wanke yashin ko a sauya. Turmin kuma a dama shi da ɗan ruwa, yadda in ka dunƙula a hannu zai tsaya bai ɗiga ba.

Bayan an zuba, a rufe shi da leda ko a riƙa yayyafa masa ruwa kwana bakwai. Daga nan sai a jira ya bushe, kuma nan ne masu gida ke ƙosawa. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce mako ɗaya ga kowace santimita, har zuwa santimita huɗu, abin da ya wuce haka ya fi jinkiri. Na santimita 3 a ba shi mako uku zuwa huɗu. Iskar hunturu tana busar da fuska cikin kwana biyu, daɓe ya yi fari fat, alhali cikinsa jiƙe yake. A maimaita gwajin leda kafin a ci gaba.

Katako ko filawud a matsayin ciko a kan siminti ba shawara ba ce a ƙasarmu. Gara na nan, laima na nan, kuma da zarar an rufe ba wanda zai ga abin da ke faruwa a ƙasa.

Ranar zuba ragireyaj

Duba ranar da aka yi buhun. Garin yana lalacewa bayan wata shida zuwa shekara, kuma kayan da suka yi doguwar tafiya suka kwana a shago sukan zo da gudaji. Mai gudaji masu tauri a mayar da shi.

Share daɓen har sai in ka shafa tafin hannu bai ɗauko ƙura ba. Shafa firaima da rola, irin wanda ya dace da wurin: akwai na siminti mai shan ruwa, akwai mai ɗan yashi a ciki na kan karo. In daɓen ya shanye shi nan take, a ƙara shafi na biyu. Wanda ya tsallake firaima zai ga ƙananan huji sun cika fuskar zubin, saboda iskar da ke fitowa daga tsohon siminti, daga baya kuma zubin ya ɗago ya riƙa amo.

Toshe bakin ƙofofi da katako, ka liƙe ƙasansa da silikon, ka toshe duk wata kafa a gindin bango, don abin yana bin rami tamkar ruwa. Zagaye bango da siririn soso. Sannan a kafa alamun tsayi: a huda daɓe kowace mita ɗaya, a sa sukurori, a juya kowanne har kansa ya zo daidai tsayin da ake so in an auna daga layin mita ɗaya. Sunan garin yana ruɗin mutane; yana lailaye kansa, amma ba zai kai kansa lungun da ba a tura shi ba.

A zuba da sassafe. Buhu yakan ce kana da minti 20 zuwa 30, amma wannan a yanayin digiri 20 ne. A bazarar Maradi, lokacin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, rabin haka za ka samu. Ruwan tankin da ke kan rufi yana zafi kafin hantsi, a ɗebi na randa ko wanda ya kwana a inuwa. Rufe tagogi, kashe fanka. A auna ruwa da ma'auni, abin da buhu ya ce, galibi lita biyar zuwa shida, a fara zuba ruwan a bokiti sannan gari, a dama da injin huji mai sandar damawa minti biyu zuwa uku. A tanadi janareta kusa, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki damun hannu ba ya fasa gudaji. Ƙarin ruwa don ya fi gudu shi ne kuskuren da ya fi yawa: yashin ciki ya nutse, sama ta yi fari mai gari, ta tsattsage.

Mutum uku ake so: mai damawa, mai ɗauka, mai zubawa. A fara daga lungun da ya fi nisa da ƙofa, kowane bokiti ya haɗu da na baya tun yana ɗanye, a baza da cokali mai faɗi har ya taɓa kan sukurori, a bi da rola mai ƙaya don fitar da iska. Bayan ƴan sa'o'i ana iya takawa. A cire sukurorin ko a nutsar da su a shafe gurbin, a jira kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon kauri, a sake bin ko'ina da sanda da tocila.

Inda ya fi kyau a bar matakin

Ba dole ne gida duka ya zo tsayi ɗaya ba. In bambancin yana daidai bakin ƙofa kuma bai wuce milimita 10 zuwa 15 ba, sandar alminiyam mai gangare ta wadatar, kuma ta fi buhunan ciko arha. Akwai mai siffar T ta inda tsayi ya zo ɗaya, akwai mai gangare ta inda ya bambanta, akwai ta ƙarshen layi, akwai ta bakin matakala. A kafa gindinta a jikin siminti da sukurori, ba a jikin falanki ba, a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakanin falanki da ƙafar sandar a kowane gefe. A sa ta daidai ƙarƙashin ƙofa in an rufe, yadda daga kowane ɗaki ba za a ga daɓen ɗayan ba.

Mafi muni shi ne matakin santimita biyu zuwa huɗu: ido ba ya ganinsa, ƙafa kuwa tana samunsa, musamman tsofaffi da mai fitowa alwalar asuba cikin duhu. Irin wannan a cike shi, ko a yi masa gangara ta siminti mai tsawon aƙalla ninki goma sha biyu na tsayinsa. Amma kada a bi da falanki mai sarƙa a kan gajeriyar gangara haka, zai karye a sama da ƙasanta inda kwana take. A rufe ta da karo, ko da binil siriri na mannawa da gam. In ana son falanki ya wuce babu yanka, saboda wannan kwanar gangarar sai ta bi ƙa'idar milimita 3 a mita 2, wato bambancin milimita 6 kaɗai yana neman kusan mita huɗu. Ƙara katifa a gefen da ya yi ƙasa don tsayi ya zo ɗaya dabara ce da ke karya sarƙa cikin ƴan watanni, saboda laushin ya yi yawa.

Shimfiɗawa

Sayi ƙarin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kan faɗin da ka auna, kwalaye duka masu lambar zubi ɗaya don launi ya zo daidai. Nemi mai fatar sama ta milimita 0.5, mai 0.3 bai kai shi jure yashin da ƙafa ke shigowa da shi ba. Kwantar da kwalayen a cikin ɗakin kwana biyu, ba a tsaye ba, ba a rana ba. Shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2 a kan siminti, kowane falle ya hau ɗan'uwansa santimita 20, a manne. In falankin ya zo da katifarsa a manne, ba a ƙara wata.

Lissafa layin ƙarshe tun kafin na farko. Ɗaki mai faɗin santimita 400, cire 2 na tazarar bango, saura 398. Falanki mai faɗin 18 zai ba da layi 22 da ragowar santimita 2, wadda ba za ta riƙe ba. Sai a yi cikakkun layi 21, na farko da na ƙarshe kowanne santimita 10. Bangonmu ba safai yake miƙewa ba, don haka a buga layin alli a ƙasa a bi shi, a yanka layin farko ya bi karkatar bango.

Tazarar milimita 10 a bar ta ko'ina: bango, ginshiƙi, bututu, gindin ƙofa. Ga wanda ke aiki da hunturu wannan ba abin wasa ba ne, domin falankin a tsuke yake, bazara na zuwa zai miƙe, in bai samu wuri ba ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Firam ɗin ƙofar ƙarfe ba ya yankuwa ta ƙasa kamar na katako, sai a zana siffarsa a falanki, a bar tazara, a cike da silikon mai laushi. Ramin bututu ya fi bututun faɗi da santimita 2.

A ɗebo daga kwali uku ko huɗu a gauraya. Sa harshe cikin kwarmi a karkace, ka sauke a hankali, ka buga da gudumar roba ta kan guntun falanki, ba kai tsaye ba. Kan falanki a layi ɗaya ya nisanci na layin kusa da santimita 30, guntun da bai kai haka ba kada a fara layi da shi. Yanka na tsaye da wuƙar kata ake yi: a ja layi sau biyu ko uku, a karya. Bayan kowane layi ka bi mahaɗa da farce. In farce ya maƙale, ba ta shiga ba, galibi ƙwayar yashi ce a cikin kwarmi, a cire a share. Inda tsawo ya wuce abin da kamfani ya yarda, a raba da sanda mai siffar T.

In akwai karon gindin bango tun da, a rufe tazarar da siririyar sanda da aka manna a jikin bango, ba a jikin falanki ba. Kantar kicin da duk abin da ake ginawa a kafa su tukuna, falanki ya zagaye su.

Abin da ke lalata shi bayan an gama

Kaskon turaren wuta da murhun shayi suna narkar da binil, garwashi ɗaya ya isa. A ajiye musu faranti mai kauri ko fallen karo biyu. Babur da ake shigarwa lungu da dare yana barin tabon taya mai ruwan ɗorawa wanda ba ya wankuwa, ƙafarsa kuma tana lotsa wurin. Tabarma mai bayan roba ita ma tana yin irin tabon. Rana da ke faɗowa ta ƙofa ko taga a wuri ɗaya kullum tana kumbura wurin, a sa labule. Wanki kuma da tsumma mai ɗan danshi ake yi. In aka kwarara bokiti kamar yadda aka saba da karo, ruwan zai bi ta gefen bango ya kwanta a ƙasa, wari ya biyo baya.

In tozo ya taso, cire sandar gindin bango ka nemi inda falanki ya tokare, ka rage shi milimita 10, yawanci zai kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu. In wuri ɗaya ne ke lotsawa yana ƙara, rami ne aka tsallake: a kwance layuka daga bangon da aka gama da shi, ana rubuta lamba a bayan kowane falanki, a cike ramin, a mayar. Saboda irin wannan rana ake ajiye kwali ɗaya cikakke a kwance a ƙarƙashin gado, don launin da aka saya bana da wuya a same shi a shago baɗi.